Neman shawara: yadda fayilolin sitonmu na Tasawa za su riƙa isowa Maradi da kansu

Laouali

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin kan kwamfuta game da wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni nake riƙe da lissafin wani Alhaji mai sayen aya da riɗi da wake. Biro ɗinmu yana nan Maradi, muna kuma da sito a Tasawa, inda wani yaronmu yake rubuta buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita, yana ɗaukar hoton kowane rasit. A yanzu yakan turo mini fayil ɗin Excel ta WhatsApp da yamma, hotunan kuwa idan sun taru sai ya zuba su a kile na USB ya ba direba a tasha, ni kuma in aiki yaro ya karɓo. A kwamfutata akwai "lissafi sabo", akwai "lissafi sabo na ƙarshe", akwai "lissafi na ƙarshe gyararre", kuma ba kullum nake gane wanda yake na ƙarshen gaske ba. Makon jiya Alhaji ya tambaye ni buhun riɗi nawa ya rage, na buɗe fayil na ce 340, ya ƙulla ciniki da wani baƙo daga Kano a kan wannan adadi, da mota ta je ɗauka aka tarar da 212. Kunyar da na ji a ranar ba ta faɗuwa. Shin akwai manhajar da za ta sa abin da aka rubuta can ya bayyana nan da kansa? Kwamfutocin biyu Windows ke kansu, intanet ɗin Tasawa kuma daga wayar yaron ake jawo shi.

Malam Habou

Wa alaikumus salam, Malam Laouali. Allah ya kiyaye gaba. Tsohuwar manhajar da muka dogara da ita a wannan aiki ita ce rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996 a Ostareliya, a zamanin da intanet ɗin duniya ma bai fi namu na ƙauye sauri ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin ta dace da mu. Hikimarta ita ce ba ta sake aika abin da ɗaya ɓangaren yake da shi. Tana fara duba girman fayil da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Idan sun yi daidai a ɓangarorin biyu sai ta wuce. Idan sun bambanta, kwamfutar da ke karɓa takan yanka tsohon fayil ɗinta gunduwa-gunduwa, ta lissafa wa kowace gunduwa wata ƴar lamba mai kama da zanen yatsa, ta tura wa mai aikawa, shi kuma ya bi sabon fayil yana neman gunduwoyin da suka dace, sai ya aiko da abin da ya canza kawai.

Umarnin da nake amfani da shi kullum bai wuce layi ɗaya ba:

rsync -avP lissafi/ laouali@maradi:/ajiya/tasawa/

Harafin a yana kiyaye kwanan wata da izinin fayiloli, v yana nuna maka abin da ake yi, P kuma shi ne abokin mai rezo mai yankewa, domin idan layi ya katse a tsakiyar babban fayil ba a jefar da abin da ya riga ya iso. Ka lura da karan nan (/) da ke bayan kalmar lissafi: idan ka sa shi, abin da ke cikin dosiyen, wato folda, za a kwafa, idan ka cire shi, dosiyen kansa za a ɗauka a saka cikin wancan. Mutane da yawa sun sha wahala a kan wannan ɗan karan.

Souley

Malam Habou, Allah ya ƙara sani, ba na jayayya da kai a kan ingancin rsync, amma ina ganin ka ɗinka wa Malam Laouali rigar da ba girmansa ba. Da farko, rsync ba ta zuwa tare da Windows. Sai an bi ta WSL ko Cygwin, wato manhajojin da ke ba ire-irenta damar aiki a kan Windows, kuma dole a girka ta a ɓangarorin biyu. Na biyu, tana tafiya ne ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ma'ana dole kwamfutar Tasawa ta iya ƙwanƙwasa ƙofar ta Maradi kai tsaye, alhali kamfanonin wayar salula sukan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshin intanet guda, ta yadda kai za ka iya fita amma ba wanda zai iya shigo maka daga waje. Na uku, hanyarta ɗaya ce a kowane kira, daga nan zuwa can, kuma sai an kira ta ko an tsara mata lokaci. Yaron da ke auna buhu a sito da rana tsaka ba zai tuna da baƙin allon rubuta umarni ba.

Shawarata ita ce Syncthing. Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Jakob Borg ne ya fara ta a 2013, kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke ga kowa. Ba ta ajiye fayilolinku a wurin wani kamfani. Kwamfutocin biyu suna neman juna da kansu, idan hanya ta kai tsaye ta ƙi samuwa sai su bi ta wata kwamfutar tsakani, saƙon kuma a kulle yake tun daga fitarsa har isarsa.

Malam Habou

Maganar adireshi gaskiya ce, Souley, na karɓa, ko da yake ana iya magance ta da WireGuard ko Tailscale, waɗanda ke haɗa kwamfutoci masu nisa kamar suna ɗaki ɗaya. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari da manhajar da ke aiki da kanta ta hanya biyu shi ne ba ta tambayar kowa kafin ta zartar. A rsync, share fayil a ɗaya ɓangaren ba ya faruwa sai ka rubuta --delete da hannunka, kuma kafin ka yi haka kana iya ƙara -n domin ta nuna maka abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba. Wanda ya ga sunayen fayiloli ɗari uku an jera za a share, zai tsaya ya sake tunani. Manhajar da ke gudana a ɓoye ba ta ba ka wannan damar.

Hajiya Mariama

Malam Habou ya taɓa inda yake mini ciwo. Na yi aikin lissafi a wata ƙungiya a nan garin, muna da dosiye guda da ke daidaita kansa tsakanin kwamfutoci huɗu. Wata rana wata sabuwar ma'aikaciya ta ga kwamfutarta ta cika, sai ta share dosiyen rahotannin shekarar da ta gabata daga tata, a zatonta namu suna nan. Kafin mu dawo daga sallar azahar ya ɓace a dukkan kwamfutocin. Muna ta cewa muna da kwafi huɗu, ashe kwafi ɗaya ne mai fuska huɗu. Da taimakon Allah muka samo mafi yawansu a wani tsohon kile da ke cikin durowar shugabarmu, sauran kuma muka sake bugawa daga takarda har tsawon mako biyu. Don haka tambayata gare ka, ƙanena Souley, guda biyu ce: idan yaron Tasawa ya share fayil bisa kuskure, ina za a same shi? Kuma idan shi da Malam Laouali suka buɗe fayil ɗaya a lokaci guda kowa ya yi gyaransa, na wa za a ɗauka?

Souley

Hajiya, tambayoyin nan su ne zuciyar maganar. Game da sharewa, Syncthing tana da tsarin ajiye tsofaffin kwafi, amma a kashe yake zuwa, sai mutum ya kunna shi a kan kowane dosiye. Idan an kunna, duk fayil ɗin da aka share ko aka canza daga ɗaya kwamfutar ba ya ɓacewa a wannan, ana matsar da tsohon zuwa wani ɓoyayyen dosiye mai suna .stversions. Akwai nau'in da ke aiki kamar kwandon shara, akwai mai riƙe adadin kwafin da ka ƙayyade, akwai kuma mai hawa-hawa, wanda ke riƙe kwafi ɗaya na kowace sa'a a ranar farko, ɗaya na kowace rana har kwana talatin, daga nan ɗaya na kowane mako. Wannan na ƙarshen nake ba da shawara a harkar lissafi. Sai dai a kula da kyau: yana kare ka ne daga canjin da ya zo daga waje. Abin da ka share da hannunka a kwamfutarka, sai dai ka nemo shi a wurin ɗan'uwanka idan shi ma ya kunna tsarin.

Game da gyara biyu a lokaci guda, manhajar ba ta iya haɗa su, kuma ba ta jefar da ko ɗaya. Wanda lokacin gyaransa ya fi zama na baya-bayan nan shi ke riƙe sunan asali, ɗayan kuma a canza masa suna a saka masa kalmar sync-conflict da kwanan wata. Daga nan aikin mutum ne ya buɗe su biyun ya tantance.

Ousseini

Gafara dai manya, ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina bin muhawarar ina ƙaruwa. Me zai hana a yi amfani da Google Drive kawai, tun da yana ba da giga 15 kyauta, kuma da Google Sheets mutum biyu suna iya rubutu a takarda ɗaya a lokaci guda ba tare da rikici ba?

Malam Habou

Tambayarka tana da kyau, Ousseini, kuma akwai abu ɗaya da Drive ya fi duk abin da muka ambata: ba sai kwamfutocin biyu suna kunne a lokaci guda ba. Syncthing da rsync kuwa dole ɓangarorin biyu su haɗu a kan layi, kuma a yankin da kuran, wato wutar lantarki, yake ɗaukewa a Maradi lokacin da ya dawo a Tasawa, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Souley bai faɗi wannan ba.

Laouali

Na gode ƙwarai. Na taɓa kawo wa Alhaji maganar Drive, ya ce shi bai yarda sunayen masu binsa bashi da waɗanda yake bi su kwana a ajiyar wanda bai taɓa gani ba, kuma ban da ikon ja da shi a kan dukiyarsa. Ban da haka, yaron yakan yi rubutu ko babu rezo, sai da yamma ya kunna intanet. Malam Souley, ka koya mini yadda ake girka wannan Syncthing ɗin dalla-dalla, zan gwada.

Souley

To, Malam Laouali. Ka ɗauko ta daga shafinta na asali, syncthing.net, kada ka karɓa daga kilen wani. Idan ka warware fayil ɗin ka danna syncthing.exe, burauzarka za ta buɗe da kanta a adireshin 127.0.0.1:8384, wannan shafin a cikin kwamfutarka yake, ba ya cin mega. Windows zai tambaye ka ko ka yarda ta ratsa katangar tsaro, ka amsa da e. Abu na farko da za ka yi shi ne sa wa shafin suna da kalmar sirri.

Kowace kwamfuta tana samun lambar shaida mai haruffa da lambobi 56, an raba su rukuni takwas. Ka kwafi taka ka tura wa yaron, shi ma ya turo tasa, kowa ya shigar da ta ɗan'uwansa a wurin ƙara na'ura. Sai ɓangarorin biyu sun amince kafin su yi magana, saboda haka ko wani ya ga lambar ba zai iya shiga ba. Bayan haka ka ƙirƙiri dosiye, wato abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira folda, ka zaɓi raba shi da Tasawa, shi kuma zai ga saƙo ya karɓa ya nuna inda za a ajiye.

Ga dabarar da za ta cece ka daga asarar mega: tsofaffin hotunan rasit, kada ka bari su bi ta intanet. Ka yi aiken kile na ƙarshe, a zuba su a dosiyen ɓangarorin biyu da sunaye iri ɗaya kafin a haɗa. Manhajar za ta duba ta ga abu ɗaya ne, ba za ta sake jigilarsu ba. Daga ƙarshe ka sa gajeriyar hanyarta a dosiyen farawa na Windows, tare da --no-console da --no-browser, domin ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfutar.

Laouali

Jama'a, na dawo bayan kwana huɗu da labari mai daɗi da marar daɗi. Ranar farko da yamma ina zaune sai na ga fayil ɗin Tasawa ya canza a gabana ba tare da kowa ya turo komai ba, har na kira Alhaji ya zo ya gani. Amma a rana ta biyu yaron ya kira ni yana cewa megan da na saya masa na mako guda sun ƙare cikin dare ɗaya. Da na duba, ashe ya ajiye bidiyon bikin abokinsa a cikin dosiyen, ga shi nan ya iso Maradi lafiya lau. Sannan a shafin an rubuta cewa ta hanyar tsakani muke haɗuwa, shin wannan ba ya nufin wani yana karanta lissafinmu? Akwai kuma wasu ƙananan fayiloli masu farawa da ~$ da ke bayyana suna ɓacewa. Abin da ya fi damuna shi ne jiya: na gyara farashi ɗaya da safe, yaron ya shigar da buhu sittin da la'asar kafin ya kunna intanet, amma da dare sai na ga nawa ne ya riƙe sunan asali, nasa kuma aka sa masa sync-conflict, alhali Malam Souley ya ce na baya-bayan nan ne ke yin nasara.

Malam Habou

Malam Laouali, kafin komai ka ce wa yaron ya dubi kusurwar allonsa ya karanta maka kwanan watan da kwamfutar ke nunawa. Ina kyautata zaton tsohuwa ce, kuma ƙaramin batirin da ke kan allon uwarta, mai kama da kwabo, wanda ake kira CR2032, ya mutu. Idan ya mutu, duk lokacin da kuran ya ɗauke agogon yakan koma shekarun baya, kuma ba ya gyaruwa sai ta hau intanet. Shi kuwa yaron da rana yake rubutu babu intanet, don haka aikinsa na la'asar yana ɗauke da kwanan watan da ya girmi naka na safe da shekaru. Manhajar ba ta yi kuskure ba, agogon ne ya yi mata ƙarya.

Laouali

Allahu akbar. Na kira shi yanzu, ya ce kullum da safe shekarar da take nunawa ba ta bana ba ce, kuma ya daɗe da sabawa da haka har ya daina lura.

Souley

Malam Habou ya harbi abin a gindinsa. A canza batirin, masu gyaran kwamfuta suna da shi. Game da tsakani, ka kwantar da hankalinka: mai riƙe da ita yana iya ganin adireshin kwamfutocin biyu da yawan abin da ya wuce, amma ba ya iya buɗe abin da ke ciki, illa dai hanyar ta fi jinkiri. Fayilolin ~$ kuwa Excel ne ke ƙirƙirarsu muddin takarda tana buɗe. A cikin saitin dosiyen akwai wurin rubuta abin da ba a so a ɗauka. Ka sa ~$* a layi ɗaya, *.tmp a wani, *.mp4 a wani. Ana ajiye wannan jerin a fayil mai suna .stignore, kuma shi ba ya bin sahun sauran zuwa ɗaya kwamfutar, sai ka sa an rubuta shi a Tasawa ma, domin daga can bidiyon yake tasowa.

Hajiya Mariama

Ko an gyara agogon, ni a ganina tushen matsalar yana nan, wato hannu biyu a cikin fayil ɗaya. A lissafin takarda ma ba a ba mutum biyu littafi ɗaya su riƙa rubutu. Me zai hana a raba: littafin sito na yaron ne, shi kaɗai ke rubutu a ciki, Malam Laouali karantawa kawai yake yi, littafin farashi kuma na Malam Laouali ne, yaron karantawa kawai. Idan Malam Laouali ya ga kuskure a littafin sito, ya kira a gyara daga can.

Souley

Hajiya, manhajar tana da abin da ya yi daidai da wannan. Ana iya sa dosiye ya zama na aikawa kaɗai a ɓangare ɗaya, na karɓa kaɗai a ɗayan. Dosiyen sito ya zama na aikawa a Tasawa, na karɓa a Maradi, tare da ajiyar tsofaffin kwafi a kunne a Maradi. Dosiyen farashi kuma a juya shi. Ko Malam Laouali ya taɓa littafin sito bisa kuskure, canjin ba zai tafi Tasawa ba, kuma shafin zai nuna masa maɓallin mayar da shi yadda yake.

Malam Habou

Na yarda da wannan tsari, amma saura abu biyu: haɗuwar lokaci da na ambata, da kuma ajiya ta gaskiya, domin idan ƙwayar cuta mai kulle fayiloli ta shiga kwamfutar Maradi, .stversions ma a kan faifai ɗaya yake da sauran. Malam Laouali, idan akwai tsohuwar kwamfutar hannu a biro wadda batirinta ke riƙe wuta ko na sa'a biyu ne, a sa mata Debian, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, a girka Syncthing a kanta ta zama ta uku wadda ba a kashewa, sai yaron ya same ta a kan layi ko kai ka tashi. Kowane dare kuma rsync ta kwafi komai zuwa faifan waje a cikin dosiye mai kwanan watan ranar, da zaɓin --link-dest, wanda ke sa fayil ɗin da bai canza ba tun jiya kada ya sake cin wuri. Ta haka idan Alhaji ya tambayi abin da ke sito ranar 3 ga watan jiya, dosiyen ranar za ka buɗe. A tabbata dai an sabunta ta, domin a Janairun 2025 an fitar da rsync 3.4.0 don toshe wasu kafofin tsaro guda shida, kuma Debian ta shigar da gyaran a nata kunshin.

Laouali

Akwai wata a cikin kabad wadda madanninta ya lalace amma tana tashi. An canza batirin Tasawa yau da safe, na kuma raba dosiyen biyu yadda Hajiya ta ce, buhu sittin ɗin nan ma na sa yaron ya mayar da su littafinsa daga fayil ɗin rikicin kafin mu share shi. Alhaji yana tambaya ko zai iya ganin lissafin a wayarsa idan ya yi tafiya Damagaram.

Souley

Zai iya idan Android ce. Manhajar Android ta asali an daina fitar da ita a Disambar 2024, wadda ake amfani da ita yanzu ita ce Syncthing-Fork, ana samunta a F-Droid, wani rumbun manhajojin Android. A sa dosiyen wayar ya zama na karɓa kaɗai, kuma kada a raba mata dosiyen hotunan rasit, littattafan biyu sun isa.

Malam Habou

Malam Laouali, ka kawo mini tsohuwar kwamfutar ranar Asabar bayan la'asar, tare da cajarta da faifan wajen da za a riƙa ajiya a kai. Idan akwai wani abu a cikinta da kuke bukata ku kwashe shi tun yanzu, domin girka Debian zai share faifan gaba ɗaya.